De Vries: Yadda Sunan Baƙo Ya Zama Sunan Ɗan Gida a Holan

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai da sauran jama'a, barkanmu da war haka.

Laccar yau a kan suna ɗaya ce tak daga cikin sunayen zuri'a na ƙasar Holan, wato De Vries. Ana furta shi kamar "da Firis". Masu kallon ƙwallo kada ku haɗa shi da sunan ɗan bayan nan Stefan de Vrij. Wancan suna ne daban, 'yantacce yake nufi.

"Vries" tsohon rubutu ne na "Fries", wato mutumin Friesland, lardin da ke arewacin Holan, "de" kuwa ƙaramar kalma ce mai nuna sananne. Suna ne na asali, irin Bakano ko Bazazzagi. Kun kuwa san ba wanda zai kira ka Bakano a tsakiyar Kasuwar Kurmi, sai ka sauka Kumasi ko Legas sunan zai kama ka. To, ku riƙe wannan, domin nan rikicin yake.

Bari mu fara da yawansu. Bayanan da ake dogaro da su na rumbun sunayen zuri'a ne da cibiyar Meertens ta Amsterdam ta haɗa, wanda ya kwatanta ƙidayar 1947 da rajistar jama'a ta 2007. A 2007 De Jong ne kan gaba da mutum sama da 80,000, sai Jansen, sai De Vries na uku da kusan 71,000. A ƙasa mai mutum miliyan 16 da ɗoriya a lokacin, kusan mutum ɗaya ke nan cikin kowane 230. In aka duba taswirar inda suka fi taruwa, sai a ga arewa ce ta yi duhu, Friesland ɗin kanta kuma ita ce uwa-uba. Ga sunan da ya kamata a ce na baƙo ne, ga shi ya fi yawa a gidan masu shi. Ta yaya?

Amsar ita ce sunan sau biyu aka haife shi.

Haihuwar farko daɗaɗɗiya ce. Friesland ta da ta fi lardin yanzu faɗi nesa ba kusa ba. Ta haɗa da West-Friesland a arewacin Amsterdam, da karkarar Groningen, da Ostfriesland da ke cikin Jamus a yau. Duk wanda ya baro ɗaya daga waɗannan ya je birni neman abinci, ana iya laƙaba masa "de Vries", 'ya'yansa su gada. Hans Vredeman de Vries, mai zanen gine-gine, a Leeuwarden, babban birnin Friesland, aka haife shi a 1527, ya yi aikinsa a Antwerp da wasu biranen waje. Adriaen de Vries, gwanin ƙera mutum-mutumin tagulla da ya rasu a Prague a 1626, haifaffen Hague ne. Shi kam sunan gado ne ya iske.

Haihuwa ta biyu doka ce ta kawo ta. A 1810 Napoleon ya haɗe Holan da Faransa, a ranar 18 ga Agusta 1811 kuma ya ba da umarni cewa duk wanda ba shi da tsayayyen sunan zuri'a ya je ofishin garinsu ya rubuta ɗaya. A kudu da manyan birane yawancin mutane sun riga suna da shi. A ƙauyukan Friesland kuwa da sunan uba ake tafiya: Pieter ɗan Jan shi ne Pieter Jans, ɗansa Jan kuma Jan Pieters. Daga uba zuwa ɗa sai sunan ya juya. Da aka ce dole a tsayar da ɗaya, wasu suka ɗauki sunan wuri suka ƙara masa jelar gida, wato "-stra", aka sami su Dijkstra da Hoekstra da Terpstra. Wasu suka ɗauki sana'a, su Bakker mai burodi da Visser masunci. Mutane da yawa kuma suka zaɓi mafi sauƙi, suka ce mu Fries ne, a rubuta De Vries. Ba kowa ya amsa kiran nan take ba, har sai da Sarki Willem na Ɗaya ya sake nanata dokar a 1825. Yahudawan Holan ma, musamman na Amsterdam, iyalai da dama a cikinsu wannan suna suke ɗauke da shi.

Abin da wannan ke nufi a aikace: De Vries biyu ba hujjar zumunci ba ce ko kaɗan. Ɗaruruwan gidaje ne da ba su haɗa jini ba suka faɗo kan suna ɗaya. Akasin haka ma ya faru, wa da ƙani suka je rajista kowa ya fito da nasa sunan. Don haka masu sayar wa mutane "tambarin gidan De Vries" a intanet, ciniki kawai suke yi.

Mai son bin salsalar wani De Vries daga baya-bayan nan zai fara, ya riƙa ja da baya. Takardar aure ita ce mafi albarka, domin tana kawo shekarun ango da amarya, da garin haihuwarsu, da sana'a, da sunayen iyayen ɓangarorin biyu. Dokar sirri ta ƙasar tana buɗe takardun mutuwa bayan shekara 50, na aure bayan 75, na haihuwa bayan 100. Shafin WieWasWie ya tattaro na ƙasa baki ɗaya, AlleFriezen kuma na Friesland, ainihin kundayen da yawa suna gidan adana tarihi na Tresoar a Leeuwarden. In an kai 1811 sai a nemi takardar ɗaukar suna. Ita ce gadar, don tana nuna magidanci da tsohon sunansa, da ƙauyensa, sau da yawa har da 'ya'yansa da shekarunsu. Daga nan sai kundayen coci, kuma a nan dole a ajiye De Vries gefe a bi sunan uba.

Wurare uku mutane suka fi yin tuntuɓe. Al'adarsu ce a sa wa ɗan fari sunan kakansa, saboda haka a ƙauye ɗaya za ka iske Jan Pieters uku masu kusan shekaru ɗaya. Ba abin da ke raba su sai sunan mata da na shaidu. Sannan Kiristoci mabiya ɗarikar Menno Simons, waɗanda suke da yawa a Friesland, ba sa yi wa jarirai baftisma, wato wankan shiga addini, sai mutum ya girma. Wanda ya ɗauki ranar baftismarsu a matsayin ranar haihuwa zai iya kuskure da shekara ashirin ko fiye.

Na ukun shi ne rubutun sunan, kuma shi ya fi shafar duk mai aikin ofis ko ɗakin karatu. A Holan ba a lissafa "de" wajen jera sunaye, don haka ƙarƙashin V za ka nemi De Vries. A Beljiyam ƙarƙashin D yake, a can ma za ka fi gamuwa da De Vriese da Devriese. In sunan yanka ya gabata, ƙaramin harafi ake sa wa: Hugo de Vries, masanin tsirrai da ya sake gano dokokin gadon halitta na Mendel a 1900, ko Nyck de Vries, direban tsere ɗan Friesland da ya ci kambun Formula E, gasar tseren motocin lantarki, a 2021. In babu sunan yanka a gaba, sai a rubuta babban D. Waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka tun daga 1847, zuwa Michigan da Iowa, da waɗanda suka tafi Kanada bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sunan ya dunƙule musu ya koma DeVries. Kwamfuta kuwa ba ta san duk abu ɗaya ne ba. Mai bincike sai ya gwada kowane rubutu da hannunsa, da tazara da babu tazara, da V da F.