Wa ya faɗa: ɗan wasa ko mai fim?

Assalamu alaikum jama'ar Kumasi, na Aboabo da Asawase da Sabon Zango. Saƙonninku sun yi yawa kan abu guda: an turo muku guntun bidiyo a WhatsApp, wani a cikin fim yana magana marar daɗi kan addini, an rubuta a ƙasa wai fim ɗin zagin Musulunci ne. Kafin ka tura wa wani, ba ni minti uku.

[Hoto: matasa a majalisar ataya, kowa da wayarsa]

Ga inda ake yin tuntuɓe. Maganar da ta fito daga bakin ɗan wasa ba lallai ita ce ra'ayin mai fim ba. Malamanmu sun riga kowa sanin wannan. A Suratun Nazi'at, Alƙur'ani ya kawo maganar Fir'auna yana cewa shi ne ubangiji mafi ɗaukaka, ayar da ke biye kuma ta faɗi irin kamun da Allah Ya yi masa. Wanda ya yanke ayar farko ya tsaya nan, ai ya yi ɓarna. To mai yanke daƙiƙa talatin daga fim na awa biyu fa?

[Hoto: fim ɗin Timbuktu]

Wannan na Abderrahmane Sissako ne, ɗan Muritaniya, ya fito a 2014, kan lokacin da masu iƙirarin jihadi suka kama arewacin Mali a 2012. In ka yanko wurin da ake yi wa mace bulala don ta yi waƙa, sai ka ce an ci mutuncin shari'a. Amma ku dubi nan. Masu iƙirarin jihadin sun shigo masallaci da takalma da bindigogi. Wa ya tsayar da su? Limamin gari, cikin sanyin murya, da hujjar addini. Su kuma masu hana taba, ga wani babba a cikinsu can bayan tudun yashi yana zuƙa a ɓoye. Sun hana ƙwallo, amma suna gardama kan Zidane da Messi.

[Hoto: yara suna buga ƙwallo ba ƙwallo. A bar shi ya tafi, ba murya]

Ke nan ta yaya za ka gane ɓangaren da fim yake? Duba wanda kyamara take daɗewa a fuskarsa. Duba wanda ake bari ya ba da amsa, da wanda ake tona wa asiri. Ni dai a ganina, limamin nan ya fi wa'azin da yawa daga cikin masu ihu a TikTok tasiri.

Ban ce kowane mai fim waliyyi ne ba. Akwai masu fakewa da guzuma su harbi karsana, su sa mai addini kullum ya zama wawa ko mugu, ba a taɓa ba shi bakin magana. Namu na Kumawood, wato finafinan Kumasi, kuwa sauƙi gare su: boka ya yi aiki, fasto ko malam ya zo ya yi addu'a, wuta ta fito daga hannu, an gama.

Wanda ya fi wuyar yanke wa hukunci shi ne A Separation na Asghar Farhadi, ɗan Iran, 2011, wanda ya ci kyautar Oscar. Razieh matalauciya ce, tana da ciki, tana jinyar wani tsoho mai ciwon mantuwa. Ya yi fitsari a wando. Sai ta ɗauki waya ta nemi fatawa: zunubi ne in ta canza masa kaya? Yanke nan kaɗai, za ka ce ba'a ake mata.

Je ka ƙarshe. Cikinta ya zube bayan wata rigima da maigidan da take wa aiki, an yarda za a biya ta diyya, mijinta bashi ya yi masa katutu. Sharaɗi ɗaya: ta rantse da Alƙur'ani cewa maigidan ne sanadi. Tana da shakka, domin mota ta buge ta kwana ɗaya kafin rigimar. Mijin ya lallashe ta, ya ce zunubin a wuyansa. Ta ƙi rantsewa, kuɗin kuma suka tafi.