Dorina a kogin Yamai

Innalillahi! Jama'a ku duba can, kunnuwa biyu da hanci a saman ruwa. Dorina ce wallahi, ga gadar Kennedy ma ina hangowa. Baba, don girman Allah ja da mu baya! Kun ji shi ko, dariya yake yi mini. Bakabe ne, a ruwa ya tashi, ni kuwa ɗan Bauchi me ya haɗa ni da kwalekwale? Jaka biyar ta sefa na ba shi, ga shi zai kai ni lahira da kuɗina.

Abin da ya kawo ni Nijar fa gandun dajin W ne. In ka bi kogin nan kudu, ta hanyar mota kuma ka wuce Say da Tamou, wajen kilomita 150, sai ƙofar Tapoa. Baba ya san wurin tun yana saurayi. Ya ce ƙasa ce ja mai tsakuwa, ga kwazazzabai da ruwa ya sassaƙa cikin dutse, ga kukoki manya-manya, da rani kuma giwa da ɓauna da gwanki duk a bakin ruwa ɗaya suke taruwa, zaki na laɓe a ciyawa yana jiran rabonsa. Tun 1954 aka keɓe shi, UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 1996, kuma ya ratsa har Benin da Burkina Faso.

Amma ba shiga. 'Yan bindiga sun yi sansani a yankin, duk wanda na tambaya sai ya kama baki. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

To, mu dai muna da Yankari, faɗinsa kusan ɗaya da ɓangaren Nijar na W, kuma su ba su da Wikki. Ruwan nan mai ɗumi, garau, kana ganin yatsun ƙafarka... kai, na tuna gida. Kilishinsu dai na sallama, kar 'yan uwa su ji.

Gargaɗina, in wani ya tare ka a tasha ya ce zai kai ka Tapoa da araha, kar ka bi shi ko ɗan garinku ne. Kuma kar ka shiga jirgi da magariba, don a 2014 dorina ta kifar da jirgin 'yan makaranta nan kusa da Yamai, an rasa rayuka. Baba, mu juya haka nan, cajina ma ya kusa ƙarewa.