Daga Kilburn: Gidan Wasan da Ke Ɗora Shaidar Kwamitin Bincike a Dandamali

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar motoci, a bakin babban titin Kilburn nake, a arewa maso yammacin Landan. Ginin nan da ke bayana gidan wasan kwaikwayo ne. Yanzu Kiln ake ce masa, amma kafin 2018 sunansa Tricycle, kuma da wannan sunan ya yi abin da ya kawo ni.

A watan Afrilun 1993 wasu samari fararen fata suka daɓa wa wani yaro baƙar fata wuƙa yana jiran bas a unguwar Eltham. Sunansa Stephen Lawrence, shekararsa 18. 'Yan sanda suka yi wa binciken riƙon sakainar kashi. Iyayensa suka ƙi yin shiru, har gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin tsohon alƙali Macpherson. Shaidu suka yi bayani, aka cika dubban shafuka. To wa zai zauna ya karanta su?

Sai wani ɗan jaridar Guardian, Richard Norton-Taylor, ya tace bayanan, shugaban gidan nan na lokacin, Nicolas Kent, ya ɗora su a dandamali a 1999. Ba su ƙara kalma ko ɗaya tasu ba. Abin da ɗan sanda ya faɗa a gaban kwamiti, shi ɗan wasa zai maimaita, har da kame-kamen da ya yi. Nan ƙarfin abin yake, jama'a. Ba mai cewa sharrin marubuci ne, bakinka ne ya faɗa. BBC ta nuna wasan a talabijin. Rahoton da ya fito a Fabrairun shekarar ya ce wariyar launin fata ta yi katutu a tsarin 'yan sandan Landan. Hukunci kuwa sai 2012 aka yanke wa biyu daga cikin makasan.

Norton-Taylor da Kent sun sake yin haka a 2021 kan gobarar benen Grenfell da ke nan Landan, wadda ta ci rayuka 72 a watan Yunin 2017. Cikin azumi aka yi ta, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. An yi wasan a Notting Hill, kusa da benen, jama'a suka ji da kunnensu yadda kamfanoni ke tura wa juna laifin kayan da aka lulluɓe ginin da su.

Ni dai wasan murya, irin na rediyo, ya fi kwanta mini. A 2016 wani daɗaɗɗen wasan rediyon BBC ya bi labarin matar da mijinta ke juya ta yana ƙuntata mata a cikin gida, masu sauraro suka tara sama da fam dubu 100 wa ƙungiyar Refuge mai ba irin waɗannan mata mafaka.

Mu da muka tashi rediyo na manne a kunne, me ya hana mu? Kwamitoci nawa aka kafa a gida bayan rikici, aka ji shaidu, rahoton ya ƙare a aljihun tebur? Waya da ɗaki marar hayaniya sun isa a fara. Amma don Allah wanda zai yi, ya nemi izinin mai shaida tukuna, ya sakaya sunansa idan akwai haɗari, ya ba wani ya karanta maganar, kada kuma ya ƙara mata gishiri.