Amsoshin Tambayoyinku: Mece ce Ma'anar "Interweave"?

Jama'a masu sauraro, wasiƙa ta gaba ta fito ne daga wata ɗaliba a Funtuwa mai shirin zana jarrabawar WAEC. Ta ce ta ci karo da kalmar "interwoven" a wani rubutu, ta duba ƙaramin ƙamus ɗinta ba ta same ta ba. Tana son sanin ma'anarta da yadda ake amfani da ita.

To malama, ki sake duba ƙamus ɗin a ƙarƙashin "interweave", can za ki same ta. Gaɓa biyu aka haɗa: "inter", daga Latin, wato tsakani, da "weave", wato saƙa. Ma'anarta ta asali ita ce aikin masaƙi, zaren kwance ya bi ta sama da ƙasan zaren tsaye har a samu ƙyalle. Haka ma saƙar tabarma ko faifai.

Amma a rubutu, ba kasafai ake nufin zare ba. Ana nufin abubuwa biyu sun sarƙe da juna. Ga misali: "Trade and religion are interwoven in the history of Kano." Wato kasuwanci da addini a sarƙe suke a tarihin Kano. Kuma haka ne, domin Wangarawa, fatake kuma malamai daga Mali, su ne suka zo da Musulunci fadar Kano a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Ba ki iya ba da labarin ɗaya ki bar ɗayan.

A nan ne ɗalibai ke tuntuɓe, suna ɗauka daidai take da "mix". A'a. Idan kika zuba sukari a koko kika juya, ya ɓace, wannan "mix" ne. Abin da aka yi wa "interweave" kuwa, kowane zare na nan da launinsa, kina ganin sa, amma kina zare shi saƙar ta warware. Saboda haka ne marubuta ke son ta wajen maganar al'adu, zumunci, ko labarai biyu da ke tafiya tare a littafi guda.

Sai ki kula da lokaci. Yau "interweave", jiya "interwove", wanda aka riga aka saƙa "interwoven". Wannan ta ƙarshen ita aka fi ji, kuma "with" ke bin ta in za a ambaci abu na biyu.

Af, mu Hausawa yawanci saƙa muke cewa, amma Bature ya rarrabe. Rigar sanyi da ake saƙawa da allurai biyu "knit" ce, ta kwarashi "crochet", kitso kuma "plait" ko "braid". Kada ki ce an yi wa ƙanwarki "interweave" a ka ranar sallah, malaminki zai ja miki jan biro.