Lissafin Ranar da Ƙarfe Zai Gaji: Lacca kan Aikin Injiniyan Injin Jirgin Sama

An rubuto wannan ne daga faifan wata lacca da aka gabatar wa ɗaliban injiniyan makanikai.

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanku da yamma. Tambayoyin da kuka turo kusan duk a wuri guda suka taru: wai me injiniya yake yi takamaimai a kamfanin ƙera injin jirgi? Zan amsa ta ɓangaren binciken ƙarfin sassa. Mai wannan aiki lissafinsa ɗaya ne: yaushe wannan ƙarfe zai tsage, kuma yaya za a cire shi tun ranar ba ta zo ba.

Mu fara leƙa cikin injin. Fanka ce a gaba tana jawo iska. A injunan zamani kusan kashi tara cikin goma na iskar ta gefe take wucewa, ita ce ma take ba da yawancin turi. Ragowar ta shiga kwamfiresa a matse ta ninki 40 zuwa 50, zafinta ya kai wajen digiri 600, sannan a fesa mata kananzir a kunna. Gas ɗin da ke fitowa yana kaiwa digiri 1,600, ya bugi fikafikan tabin, wato sashen da gas ɗin ke juyawa domin ya juya fanka da kwamfiresa. To, gaurayen nikel da ake zuba fikafikan nan da shi yana narkewa ne a wajen digiri 1,300 da 'yan kai. Wato fiffiken yana zaune cikin wutar da ta isa narkar da shi. Dabara uku ke tsare shi. Ana zuba shi da rami a ciki, iskar kwamfiresa ta ratsa ta fito ta ƙananan huji ta lulluɓe fatarsa (iskar digiri 600 ce fa ake kira mai sanyi a nan). Ana shafa masa tangaran da kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Sannan ana zuba shi ƙwaya guda, babu mahaɗa a cikin ƙarfen, domin a mahaɗar ne zafi ke fara ɓarna.

Ku ɗauko biro mu yi lissafi. Ce fiffike yana da nauyin giram 200, nisansa daga tsakiyar shaf (sandar da ke juyawa a tsakiyar inji) santimita 35, shaf ɗin na juyi 12,000 a minti. Juyin ya zama radiyan 1,257 a daƙiƙa. Ku ninka shi da kansa, ku ninka da nisa (mita 0.35) da nauyi (kilo 0.2), za ku samu kimanin niyuton 110,000. Ton 11 ke nan yana jan gindin abin da za ka sa a aljihu, kuma faifai guda, wato zagayayyen ƙarfen da ake dasa fikafikan a bakinsa, yana riƙe da irinsa sittin ko saba'in. Ku lura gudun ninka kansa yake yi: ƙarin kashi 10 a gudu, ƙarin kashi 21 ne a ja.

Ƙarfe a nan yana lalacewa ta hanyoyi daban. Akwai miƙewar zafi, inda fiffike ke ƙara tsawo sannu a hankali har bakinsa ya fara gogar kwanson inji. Ƙa'idar da aka saba riƙewa ita ce, ƙarin digiri 10 zuwa 15 a jikin ƙarfen yana rage rayuwarsa da rabi. Akwai gajiyar girgiza, idan bugun iska ya dace da karkarwar da fiffike ke yi da kansa, sai ya lanƙwasa sau miliyoyi cikin 'yan mintoci. Shi ya sa ake zana jadawalin Campbell a ga inda layin bugun iska da na karkarwar fiffike suka gitta, a kawar da su daga gudun tashi da gudun tafiya.

Wadda ta fi cin lokacin injiniya ita ce gajiyar tashi da sauka. Kowa ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta katse. Haka faifai yake: jirgi ya tashi ya miƙe, ya sauka ya koma, zagaye ɗaya ke nan. Don haka ba da awa ake ƙirga rayuwarsa ba, da zagaye ne. A injin CFM56 na Boeing 737 iyakar irin waɗannan sassa tana tsakanin zagaye 20,000 zuwa 30,000. Idan ta cika a cire shi, ko da yana ƙyalli kamar sabo.

Me ya sa ake tsanantawa haka? Idan fiffiken fanka ya tsinke, dole kwanson ya tare shi, kuma sai an gwada wannan da gaske: a sa nakiya a gindin fiffike, a tayar da ita inji na kan cikakken gudu. Faifai kuwa idan ya fashe, babu kwanson da jirgi zai iya ɗauka wanda zai tare shi. Ranar 19 ga Yulin 1989 faifan fankar injin wutsiya na wani DC-10 na kamfanin United ya tarwatse a sama, gutsattsarinsa suka yanke dukkan layukan haidirolik guda uku. Jirgin ya faɗi wajen sauka a Sioux City ta Amurka, mutum fiye da 110 cikin 296 suka rasu. Tushen abin ɗan tabo ne a cikin taitaniyom tun daga narkawa, tsaga ta fara daga nan tana girma shekara da shekaru, a binciken ƙarshe kuma ido bai kama ta ba.

Na biyun ya fi koyarwa. A watan Nuwamban 2010 wani A380 na Qantas ya tashi daga Singafo, faifan tabin na injinsa Trent 900 ya fashe. Faifan lafiyarsa ƙalau. Wani guntun bututun baƙin mai ne aka huda a karkace wajen ƙira, gefe ɗaya ya yi siriri, ya tsage, man ya kama wuta, wutar ta raba faifan da shaf ɗinsa ya yi ta gudu babu mai riƙe shi. Allah ya kiyaye, duka suka sauka lafiya. Ku tambayi kanku wa ya damu da lissafin guntun bututu a cikin inji mai sassa dubbai.

Yanzu aikin yau da kullum. Za ku zauna gaban kwamfuta da ANSYS ko Abaqus, ku yanka siffar sashe zuwa ƙananan gutsattsari, ku sa mata zafi da matsi da juyi. Manhaja za ta ba ku hoto mai launi, ja inda ƙarfe ya fi shan wahala, shuɗi inda wahalar ba yawa, mai kyan gani. Kada ya ruɗe ku. Yawancin kuskuren sabon injiniya a wajen ɗaure sashe yake: ya kulle wurin da a zahiri yana motsi, sai jan launi ya fito inda babu wahala. Sai yanka mai gwaɓi a kusurwa da bakin huji, alhali can ne tsaga ke farawa. Zagayayyen huji a faranti yana ninka ƙarfin da ke jan ƙarfen sau uku a bakinsa, idan hotonka bai nuna kusan haka ba, sake yankawa. Kafin ka taɓa manhajar, yi lissafin hannu. In sun saɓa da yawa, kwamfutar za ka fara tuhuma. Bayan duk wannan sai gwaji: a juya faifai a rami fiye da iyakar gudunsa, a harba wa inji tsuntsu mai nauyin kilo 1.8 zuwa 3.6, a kunna shi awa 150 cikin wahala. Rolls-Royce ta yi fikafikan RB211 da zaren kabon, tsuntsu ya farfasa su a wajen gwaji, wannan na cikin abin da ya durƙusar da kamfanin a 1971.

Ina ake aikin? Manyan su ne GE a Ohio da Pratt & Whitney a Connecticut, duka a Amurka, Rolls-Royce a Derby ta Ingila, Safran a Faransa, MTU a Munich ta Jamus. Gaskiyar da ba a cika faɗa muku ba, fasahar ɓangaren zafi tana ƙarƙashin dokar hana fitarwa, wasu kujerun ba a ba baƙo. Ƙofar da ta fi buɗewa ita ce digiri na biyu, irin na jami'ar Cranfield ta Ingila, ko kamfanonin gyara. Ku riƙe ƙarfin kayan aiki, ilimin zafi, girgiza, ilimin ƙarafa, da harshen kwamfuta na Python.

Tambaya daga wani ɗalibi: Malam, wanda bai samu fita ba fa?

To ɗana, akwai kwalejin jiragen sama ta Zariya da AFIT, cibiyar fasaha ta sojojin sama, a Kaduna. Kuma injunan gas na tashoshin lantarki irin Geregu da Afam 'yan uwan injin jirgi ne, lissafin fiffikensu ɗaya. Akwai ma matsalar da ke ƙofar gidanku, ƙurar hunturu. Tana cinye bakin fikafikan kwamfiresa, tana toshe hujin sanyaya, a wajen digiri 1,200 kuma ta narke ta shige cikin tangaran ɗin, in ya huce ya ɓanɓare. Ka tara ƙurar Kano ta watan Janairu, ka auna girman ƙwayarta da sinadaranta, ka lissafa digiri nawa fiffike zai ƙaru idan kashi ɗaya cikin biyar na hujinsa ya toshe. Aikin kammala digiri ne mai kyau. Akwai wata tambayar?