Birnin Kudu: garin da duwatsunsa ke ƙara kamar kuge

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau gida zan kai ku, garinmu Birnin Kudu da ke jihar Jigawa, dan na gaji da in na faɗi sunan garinmu a Kano a ce min "au, inda asibitin nan yake ko?" shikenan magana ta ƙare. Toh ku gyara zama.

In ka taso daga Kano, hanyar Wudil zaka biyo, ka tsallake gada, kana ta tafiya har Kwanar Huguma. A nan hanya ke rabuwa, mai zuwa Dutse ya yi nasa gurin, kai kuma ka miƙe. Kilomita wajen 120 ne gaba ɗaya, in mota mai lafiya ce kuma direban bai tsaya lodin buhuna a kowane ƙauye ba awa biyu ta isheka. Alamar ka kusa ita ce duwatsu. Zakaga ƙasa shimfiɗe gona bayan gona, sai kawai manyan duwatsu su fara bayyana, wani kan wani kamar da hannu aka jera su. To ka zo. Daga nan hanya ta wuce Babaldu ta nufi Ningi da Bauchi, wata kuma ta yi Gwaram, shi yasa tun da garin ya zama mahaɗa.

Bari in fara da duwatsun tunda sune suka girmi kowa.

Wannan da kuke gani shine Dutsen Habude, akwai kuma Dutsen Mesa da Dutsen Murufu. Muna yara nan muke zuwa farautar ƙadangare da danƙo, mu hau mu sulalo har wando ya huje ta baya a je gida a sha faɗa. Wallahi a lokacin ban san akwai wani abin a zo a gani a gurin ba, inuwa ce kawai da gurin ɓuya. Amma ku kalli jikin dutsen nan ta ƙarƙashi inda ruwan sama baya dukansa. Kun ga jan nan da ya ɗan dushe? Ku bi shi da ido a hankali, ga ƙaho, ga gadon baya, ga ƙafafu. Saniya ce. Mutanen da suka zauna a nan tun kafin a san wani abu wai shi Birnin Kudu ne suka zana, kuma masana suna ƙiyasta cewa zanen ya haura shekara 2000.

Abin da ya fi burge ni kuma sai da na girma na lura dashi, da yawa daga cikin shanun nan basu da tozo. Yanzu je ka kara ranar kasuwa ka duba, bunaji ne, rahaji ne, bokolo ne, duk da tozonsu. Ka ce wa bafulatani akwai saniya mara tozo sai ya kalleka ya yi dariya, sai dai wanda ya taɓa yin kudu ya ga muturu, 'yan gajerun nan na kurmi. Marasa tozon sune suka riga zuwa yankinmu na Afirka ta Yamma, masu tozo daga baya suka shigo suka mamaye ko'ina. Kenan wanda ya yi zanen nan irin shanun da yake kiwo ko yake gani ya zana, kuma irin wannan zane ana samun mai kama dashi can tsakiyar hamadar Sahara. Ka duba nisan nan fa.

Sai kuma wannan. Ku saurara, zan ɗauki ɗan dutse in buga. Kun ji? Ba ƙarfe bane, dutse ne zalla, amma sai ya amsa kamar an daki kuge. In na matsa nan na buga sai muryar ta canza, ta yi ƙasa. Waɗannan 'yan ramukan masu santsi da kuke gani kamar gurbin dara, shaidar duka ce, hannu bayan hannu, ƙarni bayan ƙarni har dutse ya lotsa. A shekarar 1955 wani Baturen Ingila Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, yazo duba zanen shanun nan sai ya ci karo da duwatsun masu ƙara, ya rubuta labarinsu duniya ta ji. Daga nan aka fara neman irinsu a wasu gurare ana samu. Ni dai kullum in aka ce wai shi ya gano su dariya take bani, kakata da bata taɓa shiga aji ba ta san dutsen yana kiɗa, tace suna 'yan mata nan suke tafiya da ƙawaye in biki ya matso suyi ta bugawa suna waƙa. Amma gaskiya a faɗe ta, da bai rubuta ba da wataƙila yanzu an fasa su an yi kankare. Yau gurin yana hannun hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa. Dan Allah samari masu zuwa da gawayi ko fenti suna rubuta sunansu da na budurwa a jikin dutse, a bari, ga bangon gidanku nan.

Tarihin sarauta kuma, sunan ma ya faɗa maka, ba'a ce wa gari birni sai in yana da ganuwa. Tsohon gari ne na ƙasar Kano, kuma mai riƙe dashi Sarkin Kudu ake ce masa. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da Kano ta koma hannun masu jihadi a 1807, garuruwan wannan yanki suka bi. Zama a bakin iyaka kuwa ba daɗi, dan a ƙarni na 19 Ningawa sun addabi kudancin Kano da hare-hare, kuma mu muna kan hanyarsu, shi yasa ganuwa da duwatsu ba ado bane a lokacin, gurin tsira ne. Turawa suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso Kano bayan 'yan shekaru, sai gyaɗa ta zama kuɗi. Dalar gyaɗar nan da kuke gani a tsofaffin hotuna akwai gumin manoman nan a ciki, a nan ake tarawa a auna a loda a motoci zuwa Kano. Har 1991 mu Kanawa ne, sai ranar 27 ga Agusta gwamnatin Babangida ta yanke Jigawa aka ce Dutse ce hedikwata, muka tashi a masarautar Dutse tare da su Gwaram, Buji, Kiyawa, Jahun da Miga. Har yau akwai tsofaffin da in zasu je Kano cewa suke zasu shiga birni, Dutse kuma sai in takarda ce ta kai su.

Siyasa ba sai na daɗe ba. Gwamnan farar hula na farko a Jigawa, Ali Sa'ad Birnin Kudu, sunansa ma ya isa, ya yi daga 1992 zuwa 1993 sojoji suka dawo. Sule Lamido ɗan Bamaina ne, nan kusa, ya yi ministan harkokin waje daga 1999 zuwa 2003 sannan gwamna daga 2007 zuwa 2015. Gwamna biyu daga ƙaramar hukuma ɗaya.

Toh yanzu makaranta, inda bakin kowa ke buɗewa. Ga get ɗin kwalejin gwamnati ta Birnin Kudu, makarantar kwana ta maza, mu kwaleji kawai muke cewa kowa ya gane. Aliko Dangote a nan ya gama sakandare a 1978 kafin ya wuce jami'ar Azhar a Masar. Abdullahi Ganduje ma nan ya yi a shekarun 1960. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta BIKOBA in suka yi taro sai kaga motocin da baka saba gani ba sun cika gari, masu tsire da masu lemo ranar kakarsu ta yanke saƙa. Zamanin da sakandare bata da yawa a lardin Kano, yaro ya ci jarrabawa aka ce Birnin Kudu zai tafi, ai gidansu ranar har maƙwabta sai sun shigo barka. A ɗaura masa akwatin ƙarfe, a zuba ƙuli-ƙuli da garin kwaki da ɗan yaji a ƙulla a leda, uwa tana murna tana hawaye.

Amma ga inda nake so mu faɗa wa kanmu gaskiya. Kwaleji a garinmu take, sunanmu take ɗauke dashi, sai dai yawancin manyan da ake lissafawa baƙi ne aka kawo su suka yi karatu suka tafi. Yaron da aka haifa a Kantoga ko Kangire ko Sundimina, kafin ya kai bakin wancan get ɗin sai ya bi ta firamaren ƙauyensu tukunna, kuma a nan ake yin ta. Ni firamaren da na yi, ba zan kama suna ba, buhun taki kowa ke zuwa dashi daga gida dan shine kujerarka, allon bango da gawayi da ganye muke goge shi ya yi baƙi, in damina ta faɗi kuma rabin aji suna gona, malam ma wani lokacin yana tasa gonar, waye zai ga laifin wani. Muna aji huɗu iska ta yaye kwanon ajinmu muka koma gindin darbejiya, wai na sati biyu, a nan muka gama shekarar. Cikin waɗanda muka fara tare 'yan kaɗan ne muka shiga jiniya, 'yan matan kuwa kusan duk kafin nan an sa musu rana.

Abin da bai taɓa tsayawa ba shine karatun allo. Asuba yara suna gaban malam, da daddare a hura wuta da karan dawa a zagaye ta ana ta biya, tawada da alƙalamin gamba, in ka kai izu a yi sadaka da waina. Yanzu ga Islamiyya ko'ina, da yamma zakaga 'yan mata cikin hijabi kala ɗaya sun cika layi, har da ajin matan aure na dare. Kuma abin da na lura, tunda akwai makarantar koyon aikin jinya da ungozoma a garin, iyaye da yawa sun sassauto, uba ya ga 'yar maƙwabcinsa ta zama nas tana ɗaukar albashi tana karɓar haihuwar matan unguwa, sai ya fara tunanin bari tasa ma ta gama siniya. Wannan ya fi duk wani wa'azin rediyo aiki.

Asibitin da aka san mu dashi kuma shine FMC, wato cibiyar kiwon lafiya ta gwamnatin tarayya. Da babban asibitin jiha ne, a shekara ta 2000 tarayya ta karɓa. Zo da safe ka ga motoci, daga Gwaram, daga Buji, daga Ningi ta jihar Bauchi, har ta ɓangaren Kano ana zuwa. Bakin get ɗin kansa kasuwa ne, mai shayi, mai ƙosai, kemis, masu POS, masu saida tabarma da bokiti da filas dan 'yan jinya, dan a gurinmu mutum ɗaya baya kwanciya asibiti shi kaɗai, dangi ne zasu tare a gindin bishiya da tukunyarsu. Wanda ke cikin gari ya ji daɗi, ya hau acaɓa minti biyar ya isa. Na ƙauyen da ke bayan rafi kuwa, mace ta fara naƙuda da tsakar dare a watan Agusta, hanya ta cika da ruwa, nan ne zaka san nisa ba a kilomita yake ba. Ƙanwar babata a amalanken shanu aka fito da ita har bakin titi, Allah Ya sa aka dace.

Ruwa da wuta kam kun san labarin, irin na ko'ina ne. In aka kawo wuta yara su yi ihu, kafin ka jona waya an ɗauke, dan haka shagon caji yake ciniki, ga sola yanzu ta fara yawa a saman kwano da kan fitilun titi. Ruwa akwai tuƙa-tuƙa, akwai burtsatse mai sola, in ta lalace a koma gun 'yan garuwa da kurarsu. Sabis ɗin waya a cikin gari ba laifi, wasu ƙauyukan kuma har yanzu akwai tudun da kowa ya sani nan ake hawa in za'a kira ɗan da ke Legas.

Abincinmu daga gona yake, gero, dawa, wake, gyaɗa, riɗi wanda yanzu shine kuɗi a hannu, ga masu noman rani a fadama da injin ban ruwa. Bayan sallar isha'i gari baya mutuwa da wuri, teburin mai shayi ya cika ana musun siyasa kamar gobe zaɓe, gidan kallon ƙwallo janareta na ta ruri, can gefe mai tsire yana juya nama hayaƙi na tashi.

In kun shigo kuna son ganin duwatsun, ku zo da safe kafin rana ta buɗe, dan dutsen in ya ɗau zafi ko takalmi sai ka ji shi a tafin ƙafa. Ku nemi ma'aikatan gurin su zagaya daku, kar ku shafa zanen da hannu, kar a watsa masa ruwa wai dan ya fito a hoto. Ɗan dutsen bugawa kuma ba sai kun zo da naku ba, akwai su nan zube a gindin, duk sun yi sumul saboda riƙo. Bari in ƙara buga muku na ƙasan nan, shi ne mai babbar murya.