Kafin ki sayi kaskon ƙarfen zubi mara nauyi

Assalamu alaikum uwargida. Ga kasko biyu a gabana, duka na baƙin ƙarfen zubi ne, faɗinsu ɗaya. Na daman nan cikinsa kaushi gare shi, kuma sai da hannu biyu ake sauke shi daga wuta. Na hagu kuwa sumul yake, hannu ɗaya ya ishe shi. Irin na hagun nake so ki samu, amma sai kin yi hattara wajen zaɓe.

Kaushin nan daga wajen ƙira yake zuwa. Narkakken ƙarfe ake zubawa a cikin mazubin yashi, idan ya huce sai ya fito da zanen yashin a jikinsa. Tsofaffin kamfanonin Amurka, irin su Griswold da Wagner, sirara suke zuba nasu, sannan su goge cikin da inji har ya yi santsi. An sayar da kamfanin Griswold a 1957, kuma a hankali masu ƙira suka daina gugar nan saboda tana cin lokaci da kuɗi, suka kuma koma zuba mai kauri. Shi ya sa kaskon Lodge, kamfanin da ke aiki tun 1896, mai faɗin inci 12 yake kai kilo uku da rabi tun ba a sa masa komai ba. Sababbin kamfanoni irin su Field sun koma ga tsohuwar hanya, nasu mai inci 10 yana kusan kilo biyu. In Allah Ya sa kika ci karo da mai tambarin Griswold ko Wagner a wajen 'yan gwanjo, kuma bai tsage ba, kada ki bar shi.

To amma kada son rashin nauyi ya ɗauke ki. Nauyin nan shi ke riƙe zafi. Kasko in ya yi fayau da yawa, da kin jefa kifi ko nama mai sanyi zafinsa zai faɗi, abin ya koma dahuwa da ruwan jikinsa maimakon suya. Abin da ake nema shi ne gefe ya yi siriri, gindi ya kasance da ɗan kauri. Ki sa yatsu biyu ki matsa gefen, sannan ki matsa tsakiya, za ki ji bambancin.

Idan za ki shiga kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada a Zariya, ki tafi da ɗan maganaɗisu a jaka. Akwai kaskon zubi da maƙeranmu ke yi da narkakken alminiyam, yana da nasa amfanin, amma ba shi muke nema ba, kuma maganaɗisu ba ya kama shi. In ya kama, sai ki dubi mariƙin. Na ƙarfen zubi a haɗe yake da jikin kaskon, zubi ɗaya, babu ƙusa babu walda. Daga nan ki ɗora shi a kan tebur ki danna gefe. In yana rawa, gindin ya lanƙwashe. Ki rataye shi a yatsa ki ƙwanƙwasa da cokali. Lafiyayye yana amo kamar ƙararrawa, mai tsaga kuwa sautinsa a dushe yake fita.

Maganar girma gajeriya ce. Ƙarfen zubi ba ya yaɗa zafi da sauri, don haka babban kasko a kan ƙaramin kan gas ko risho tsakiyarsa ke ƙuna, gefe na nan da sanyi. Inci 10 ya wadatar da yawancin gidaje. A kan kurfoti kuwa, inda garwashi ya bazu, ko babba ne ba matsala.

Santsi kaɗai ba ya hana abinci kamawa, man da ya gasu a jikin ƙarfen ne ke hanawa, kuma gogaggen kasko ya fi mai kaushi jinkirin kama man. Ki wanke shi, ki busar a wuta, ki shafa man gyaɗa kaɗan, ki goge da tsumma har ya zama kamar ba ki sa ba. Ki mayar wuta sai ya yi hayaƙi ya daina, ki bari ya huce, ki maimaita sau uku ko huɗu. Makonnin farko ki ba shi dankali da awara da agada, ƙwai ya jira tukuna. Miyar tumatir mai daɗewa a wuta tana cinye man nan, ki bar wa tukunya.

Abu biyu ke kashe shi. Ruwan sanyi a kan kasko mai zafi yana iya tsaga shi nan take. Sai kuma laimar daminar Zariya, musamman a watan Agusta: in kika kife shi da ɗanshi da dare, da safe za ki tarar da tsatsa. Duk wanki, ki ɗora shi a wuta minti biyu, ki shafa ɗigon mai, sannan ki rataye.